'Yan jari bola da takin birni

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, kuma na 12 daga cikinsu ya shafi yadda ake ƙera kaya da amfani da su ba tare da almubazzaranci ba. Manufar ita ce a daina bari kaya suna ƙarewa a juji: wanda ya lalace a gyara shi, wanda ya ƙi gyaruwa a narka shi ya koma wani abin amfani. A ganina, mutanen da suka fi kowa riƙe wannan aiki a garuruwanmu su ne 'yan jari bola da 'yan gwangwan, waɗanda muke kallo da wulaƙanci.

Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai zai ga inda kayan da suke tsinta suke ƙarewa. Maƙeri yakan tara gwangwanayen lemo da tsofaffin sassan mota na alminiyam ya narka su, sannan ya zuba a cikin ƙasa mai damshi da aka danne a akwatin katako da siffar tukunya. Idan ya huce sai a fasa ƙasar, a goge bakin da magagari, tukunyar biki ta fito. Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini. A gefe guda kuma tsohuwar taya tana zama takalmi, tub ɗinta yana zama guga.

Abin da ya fi damuna shi ne taki. Shekaru aru-aru manoman kewayen Kano sun riƙa noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta gaji ba, domin da rani jakuna sukan fita daga birni da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar gida, su dawo da itace da hatsi. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Leda ce ta ɓata wannan tsari, musamman baƙar leda da ledar ruwan fiya wata, domin ba ta ruɓewa: manomi sai ya tsince ta kafin ya watsa taki, wadda ta saura kuma tana hana ruwa shiga ƙasa, awaki da shanu suna haɗiye ta har mahauta su tarar da ita dunƙule a tumbi. Ruwanda ta haramta ledar a 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi dokarta tun 2014, sai dai har yanzu ledar tana rataye a kan itatuwan Maraɗi da Damagaram.

A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari bola yawo a cikin birni, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, bayan yawaitar satar murafen magudanan ruwa. Satar gaskiya ce, kuma ba na goyon bayan a ɗaga wa ɓarawo ƙafa, amma korar kowa da kowa tana barin ƙarfen da robar a kan titi, tana kuma raba dubban matasa da abincinsu. Ya fi dacewa ƙananan hukumomi su yi musu rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, a tilasta wa dillalai rubuta sunan wanda ya kawo kaya, a ware wuraren awo, a ba su safar hannu da takalman kariya. Akwai kuma ayyuka biyu da ya wajaba a raba yara da su tun yanzu, wato ƙona waya don fitar da tagulla da fasa tsohon batirin mota, domin gubar dalmar da ke cikinsa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma lahanin ba ya warkewa.