Tsire a Thomson Park da rigar Marner

Asabar, 19 ga Yuli, 2025.

Da safe komai lafiya lau. Mun loda kula da tabarmi da buhun gawayi, ga naman da Maman Abba ta yanyanka tun daren jiya ta soke a tsinke. Ummi ta manta takalminta, sai da muka hau titin Lawrence muka juyo. Kafin mu isa su Alhaji sun kama mana teburin ƙarƙashin bishiya, wanda in ka makara sai dai ka gan shi a hannun wasu.

Abba da rigar Marner ya fito, wato Mitch Marner, ɗan wasan hoki na ƙanƙara da ya bar ƙungiyarmu ta nan Toronto, Maple Leafs. Shuɗiyar nan mai lamba 16, mai kauri da dogon hannu, a zafin Yuli. Uwarsa ta yi juyin duniya ya cire, ya ƙi. Na ce ta ƙyale shi, in gumi ya ishe shi da kansa zai tuɓe.

Ni aka bar wa wuta kamar kullum. Gawayin nan ba ya kamawa da wuri, sai da na yagi kwali na yi ta fifita har idona ya yi ja. Hajiya ta zo da yajin ƙuli-ƙulin da aka aiko mata daga Kano, na gaske, wanda in ka barbaɗa shi a nama mai zafi za ka ga mai yana tsattsafowa. Na jera tsinke, ina yayyafa man gyaɗa ina juyawa. Zubin farko bai kai teburi ba, yara suka wawashe shi a hanya.

Ina cikin zubi na biyu Alhaji ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya nuna Abba da baki.

"Baban Abba, har yau ba ka cire wa yaron nan rigar maci amana ba?"

Na ce, "Haba Alhaji, ka san nawa na saye ta? Sai ta yage."

Aka yi dariya, na ɗauka an wuce wurin. Ashe shi da shirinsa ya zo. Ya ce ranar 1 ga Yuli da aka tabbatar Marner ya koma ƙungiyar Vegas, shayi na musamman ya dafa wa kansa don murna. Shekara 8, dala miliyan 96, su je can su ƙarata.

Na ce ranka ya daɗe, a tsaya tukuna. Mutumin nan maki 102 ya kawo mana kakar da ta wuce, 27 ya ci da kansa, 75 ya miƙa aka ci. In muna da rinjayen mutum ɗaya a kan ƙanƙara shi ke raba wasa, in kuma namu aka kora benci na minti biyu shi ake turawa ya kare raga. To wa aka kawo a madadinsa? Nicolas Roy da Vegas suka ba mu a cinikin, maki 31. Matias Maccelli daga Utah, 18. Dakota Joshua da aka ɗauko daga Vancouver shekaranjiya, 14, ko da yake shi ba a ga laifinsa ba, daga jinyar ciwon daji ya dawo. Haɗa su ukun, 63. Albashinsu kuwa in ka tara ya kusa miliyan 10, Marner bara saura ƙiris ya cika 11.

Alhaji ya karɓi tsinke ɗaya daga hannuna, ya hura, ya gutsura, sai da ya haɗiye sannan ya ce, "Kai dai ɗan lissafi ne. Makin watan Janairu ni me zan yi da shi? Ka faɗa mini abin da ya yi ranar 18 ga Mayu."

Ya san inda zai taɓa ni. Wannan daren a falonsa muka kalla. Wasa na bakwai, na raba gardama a zagayen neman kofi, Florida Panthers suka doke mu a gidanmu 6 da 1. Wasa na biyar ma a gida, shi ma 6 da 1. Alhali mu muka ci biyun farko. Mutane suna ihu suna jefa riguna kan ƙanƙara, Marner a benci yana daka wa 'yan uwansa tsawa su farka, ga Brad Marchand can yana yashe baki, mutumin da sau biyar ke nan yana cikin waɗanda suka fitar da mu a wasa na bakwai, huɗu da rigar Boston, yanzu kuma da ta Florida. Na ce ai kwana biyu kafin nan, a wasa na shida, Marner ne ya miƙa wa kyaftin ɗinmu Matthews wadda ta buɗe raga muka ci 2 da nema. Kuma a watan Fabrairu wa ya miƙa wa McDavid, tauraron Kanada, wadda Kanada ta doke Amurka da ita a wasan ƙarshe a Boston? Ya ce to ka ga, in da McDavid a gaba yana iyawa, in an ce shi ne a gaba sai a neme shi a rasa.

Daga nan ya shiga karatun Florida, kuma a nan kam yana da hujja. Kofi biyu a jere, kuma babu mai maki 100 a cikinsu. Sam Reinhart da ya fi kowa 81 ya tsaya. Sam Bennett 51 kacal ya yi a kakar, da aka shiga wasannin neman kofi ya ci 15 aka ba shi kyautar gwarzo. Shi ne kuma ya bugi Stolarz a kai a wasan farko, golanmu bai sake tsayawa a raga ba har aka gama. Alhaji ya ce irin waɗannan ake so, masu faɗa a bakin raga da jikin katanga, shi ya sa manajanmu Treliving ya ce akwai abin da ke cikin jinin ƙungiyar nan da dole ya canza, shi ya sa aka sallami shugaban ƙungiyar, Shanahan, shi ya sa ake kwaso ƙarti irin Roy da Joshua, waɗanda kocinmu Berube ke so. Ya ce ka yi lissafin da kake so ɗin: iyakar albashin da aka yanka wa kowace ƙungiya bana miliyan 95.5 ne. Matthews na cin 13.25, Nylander 11.5. Ɗora 12 na Marner, mutum uku sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Shekara tara a jere ana shiga neman kofi da wannan tsarin, zagaye biyu kawai aka tsallake, Tampa a 2023 da Ottawa bana.

Ban musa ba. Na juya nama.

Da a nan ya tsaya da yanzu ina barci. Sai ya gyara zama ya ce shi duk wannan ba shi ne damuwarsa ba. Damuwarsa hali. Yaron nan a Markham aka haife shi, nan bayan gidanmu, tun yana ƙarami rigar nan yake sawa, a 2015 ƙungiyar garinsu ta ɗauke shi na huɗu, shekara tara ana ɗauke da shi a kai. Dubi tsohon kyaftin ɗinmu Tavares, ya ce. Miliyan 11 yake karɓa, ya ci 38 bara yana da shekara 34, da ya fita kasuwa da an yi rububinsa, amma ya sa hannu a shekara 4 kan miliyan 4 da 'yan kai don ya zauna a gida da iyalinsa. Kyaftin ma aka karɓe aka ba Matthews, bai ce uffan ba. Wannan shi ne ɗan halak.

"Amma duk wanda ya bar garin ubansa saboda kuɗi," ya ɗaga tsinken yana nuna ni da shi, "ba shi da bakin magana a wurina. Ya je can hamada inda ba a biyan harajin jiha."

Wallahi da gaske yake, ko murmushi babu. Yana zaune a kujerar roba a Scarborough, da hularsa zanna bukar, yana cin tsiren da aka yi da yajin da ya hau jirgi kafin ya iso bakinsa. Na ɗaga kai, Maman Abba tana kallona daga kan tabarma, ta ɗan girgiza mini kai. Hajiya ta ce a zo a ɗauki zoɓo kafin ƙanƙarar ta narke. Shi ke nan, maganar ta bi iska.

Ni dai ba ta bar ni ba. Na san abin da ke bakina, kuma na san ba a faɗa wa Alhaji irinsa a gaban yara. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi, a ɗakinsa na ƙasa na kwana har na samu aiki. Amma tun daga lokacin naman ya daina yi mini daɗi. Ranar Laraba da muka yi waya da Inna ta sake tambayata ko bana za mu zo, na ce mata tikitin mutum huɗu ba wasa ba ne, ta ce Allah ya hore, muryarta ba yabo ba fallasa. Yaya ne ke kai ta asibiti. Yaya ne ya tsaya da aka zo gyaran rufin ɗakinta kafin damina. Ni sai dai in tura in kira in ce an gani? A gidanmu in za a raba wa ne Tavares wa ne ɗayan, ba sai an yi dogon zama ba.

Ba wai ina kare mai miliyan 96 ba ne, ba ya bukatata. Abin da na sani dai garin nan ba ya raga wa nasa. Tun 1967 rabon Leafs da kofi, kuma duk haushin shekarun nan a kan yaran da ba a haifa ba a lokacin ake sauke shi. Wanda ya zo daga Sweden ko Arizona in an gama kaka sai ya hau jirgi ya huta. Ɗan gida kuwa ko shagon kusa zai shiga sai an tuna masa. Kowa da abin da ke fitar da shi daga gida, kuma ba kullum ake faɗa ba.

La'asar a kan ciyawa, Alhaji ya ja mu. Yara sun jiƙe sharkaf a wurin wasan ruwa. Rigar dai ta fita, Ummi ce ta zuba mata zoɓo.

A mota Abba ya tambaye ni wa zai buga gefen dama a layin Matthews yanzu. Tambayar da ta fi ta kowa ma'ana yau, kuma ba ni da amsa. Knies yana hagu, wannan an gama, shekara 6 kan miliyan 7.75, kuma ina ganin shi ne ciniki mafi kyau da Treliving ya yi bana: yaro ɗan shekara 22 mai jiki, ya ci 29, ba ya tsoron bakin raga. Dama fa? In aka hau da Nylander, layin Tavares ya zama fanko. Maccelli ya taɓa yin maki 57 a Arizona, in Allah ya sa ya dawo hayyacinsa to. Domi, yau zuma gobe maɗaci. Abba ya ce Easton Cowan, saboda ya ga an ba shi gwarzon Memorial Cup, kofin matasa, da London Knights. Na ce ɗan shekara 20 ne, a bar shi ya girma.

Shi kansa Matthews ɗin. Daga 69 ya sauko 33, kakar gaba ɗaya da ciwo a jikinsa, kuma mai miƙa masa ya tafi. In lafiyarsa ba ta dawo ba duk wannan musun namu ɓata baki ne.

Masu tsaron baya kuma tsufa. Tanev 35, Ekman-Larsson 34, Rielly da McCabe sun haura 30. Suna toshe hanya, ba laifi, amma fitar da wasa daga gida da sauri ya gagara, Florida ta nuna mana. Raga ce kaɗai ba na jin tsoro, in dai Stolarz da Woll ba su kwanta jinya lokaci ɗaya ba, don babu wanda ya taɓa tsayawa wasa 50 a kaka guda a cikinsu. In kuma an ce a sayo wani, da me? Damarmu ta zaɓen sabon matashi a zagayen farko na 2026 mun ba Boston a cinikin Carlo, ta 2027 mun ba Philadelphia a cinikin Laughton.

Na wanke abin gashi. Na manta kular Hajiya a but, sai gobe.

Bayan isha'i Alhaji ya turo saƙo a WhatsApp, wai maganin duk wannan a dawo da Nazem Kadri daga Calgary. Namu ne, ya ce, tsohon ɗan Leafs, Musulmin farko da ya ɗaga kofin Stanley, har masallacin London ta Ontario ya kai shi a 2022, kuma bara 35 ya ci. Bai kawo maganar dakatarwar da aka yi masa a 2018 da 2019 ana tsakiyar karawa da Boston ba, wadda ita ta sa aka tura shi Colorado. Na rubuta masa cewa Kadri zai cika shekara 35 a Oktoba, kuma miliyan 7 yake ci duk shekara har 2029. Ya turo mini murya ta minti huɗu. Ban buɗe ba, sai da safe.