Godiya Bayan Walimar 'Yarmu a Battersea

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi biki lafiya an watse lafiya, amarya ta tare a ɗakinta. Ni da maigida muna godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da suka cika mana zaure a tsohon ginin majalisar Battersea da ke titin Lavender Hill, kudancin Landan. Goggonnin amarya da suka kwana kan tukwanen waina da miyar taushe, da samarin da suka yi ta jidar kujeru, Allah Ya saka da alheri. Kawu, ka taso tun daga Manchester ga ciwon ƙafa, Allah Ya ƙara lafiya.

Baƙi da yawa sun ja ni gefe suna tambaya, me ya sa bangon zauren duk tabon wuta? Da gangan aka bar shi haka. Ranar 13 ga Maris 2015 gobara ta cinye rufin babban zauren. Mutanen unguwa suka yi karo-karo, aka sake gina shi, aka buɗe a 2018 da sabon rufin katako mai zane kamar saƙa, amma ba a shafe ƙunar bangon ba. Ni dai a idona hakan ya fi fenti kyau.

Su ma waɗannan mutane suna cikin godiyata, ko da ba su san mu ba. Tun 1893 ginin yake tsaye. Da aka haɗe Battersea da Wandsworth a 1965, majalisa ta tashi, har aka fara maganar rushewa. Jama'a suka ce ba su yarda ba, daga baya ya zama cibiyar wasanni da al'adu. A nan ne kuma a 1913 aka zaɓi John Archer magajin gari, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Landan. Da na ga jikokinmu cikin shadda da leshi sun durƙusa suna ƙirga ƙudan zuman da aka zana a daɓen ƙofar shiga, sai da hawaye suka zubo mini.

Ma'aikatan wurin da suka ware mana ɗakin sallah, mun gode ƙwarai. Waɗanda ba su samu zuwa ba suka aiko da addu'a, ta iso. Allah Ya ba ma'auratan zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya maimaita mana a kan 'ya'yanku.