Rijiyar da aka haƙa mini da damina

Albasa ce ta rufa mini asiri. Tun Kebbi tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a cire ta a 1991, nake lodin buhuna daga Aliero zuwa Legas da Onica, daga baya na haɗa da shinkafa. Allah Ya buɗa, yara suka kawo ƙarfi, na danƙa musu sito da motoci. Buri biyu suka rage mini: in ga ƙasar nan da idona ba ta gilashin tirela ba, in kuma bar sadaka mai gudana.

Yawon ya yi albarka. Na shiga gidan tarihin Kanta a Argungu, na zauna bakin kogin Matan Fada da dattawa suna ba ni labarin yadda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi Fodiyo a Gwandu, na hau kwalekwale a Yauri, na ƙetare ta Kamba zuwa Gaya ta ƙasar Nijar, na haye gadar kogin Kwara har Malanbil ta ƙasar Benin. Duk inda na sauka sai in rubuta abin da na gani da dare: farashin kaya, halin hanya, abin da mutane ke kuka da shi. Da na koma ina karanta rubutun nan, kalmar da ta fi yawa a ciki ita ce ruwa.

A wani ƙauye na ƙasar Dandi na yi alƙawarin rijiyar burtsatse mai sola. Wani da nake ganin girmansa ya kawo mini ɗan kwangila. Muna tsakiyar watan Agusta, sama na zuba. Na ce ko a bari damina ta wuce? Ya ce, "Alhaji, aikin alheri ba a jinkirta shi." Da wannan maganar ya ci ni. Aka haƙa, aka ɗora tanki, ruwa na ɓulɓulowa, aka yi addu'a, ya karɓi kuɗinsa cas.

Bazara na kamawa hakimin garin ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Alhaji, a yi haƙuri, ruwa sun ƙahe." Sumo ma, wato injin jan ruwan da ke cikin ramin, ya ƙone, don ya yi ta jan iska. Na kawo wani injiniya ya auna ramin a gabana. Zurfin bai kai rabin abin da aka rubuta mini a takarda ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa kusa. Mai haƙa marar tsoron Allah yana cin ma ruwan farko sai ya tsayar da inji, ya rage bututu, ya rage mai, ya rubuta zurfin da ya ga dama. Ranar buɗewa ba mai iya gane komai, ruwa ne ga shi nan. Sai Maris da Afrilu, ruwan ya ja baya, asiri ya tonu, shi kuwa ya daɗe da sauya lamba.

Kuɗin ba su ne ke ci mini rai ba, na yi asarar tirela guda ta albasa a hanyar kudu na kwana lafiya. Abin da ya hana ni barci shi ne, da mutanen suka ga famfo sai suka bar yashe tsohuwar rijiyarsu, ta cike da ƙasa. Da famfon ya tsaya, 'yan matan da na so in hutar suka koma tafiyar da ta fi ta da nisa, da jarka a ka, cikin zafin nan namu da kowa ya sani. Wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ɗana, da ka bar mu da rijiyarmu." Ba faɗa ta yi ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Saboda haka duk mai niyyar irin wannan aiki, kada ya yarda a haƙa masa da damina, kome daɗin bakin mai kwangila. A yi awon ƙasa tukuna, a haƙa da tsakiyar rani. Ka tsaya da kanka, ko ka tsayar da ɗanka, a ƙirga bututu ɗaya bayan ɗaya suna shiga rami, tunda kowanne an san tsawonsa. A bar famfo ya yi ta ja na sa'o'i masu yawa a gabanka a ga ko ruwan zai yanke. Sannan a sa 'yan kwamitin gari masu tara ɗan abin gyara, a samu mai gadin faifan sola, kuma a gaya wa jama'a ƙarara kada su saki tsohuwar rijiya. Ka tambayi masu ɗebo ruwan ma, yara da mata, sun fi masu zama zaure sanin watan da kowace rijiya ke ƙafewa.

An sake haƙa ta ƙauyen nan a watan Afrilu, muka yashe tsohuwar kuma muka ɗaure mata baki da siminti. Tun daga nan sharaɗina ɗaya ne a rubuce, da shaidu: ina riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai rijiya ta ga bazara guda tana ba da ruwa. Da yawa suna jin haka suke tattara takardunsu su fita. Waɗanda suka zauna, da su nake aiki yanzu a ƙauyukan Bagudo.