Yadda na ciyar da hanjina a lokacin kemo

An sa mini kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar mama, kowane mako uku: jan ruwan nan doksorubisin, haɗe da saikilofosfamid. Maganin ba ruwansa da tantancewa, duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa bugunta yake yi, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, bangon hanji ya raunana. Fararen ƙwayoyin jini kuwa, masu kare jiki daga cuta, sukan faɗi ƙasa warwas tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura.

Ganin haka wata ƙawata ta aiko mini da kwalbar furobayotik, wato bakteriya masu rai a cikin kafso. Na nuna wa likita, ya ce in ajiye. Idan garkuwar jiki ta yi ƙasa kuma bangon hanji ya sami rauni, ko ƙwaya mai amfani tana iya tsallakawa cikin jini. Ya ce gara in ciyar da bakteriya masu amfani da ke cikin hanjina tun asali.

Abincinsu shi ne firibayotik: faibar da cikinmu ba ya iya narkarwa, sai ta isa babban hanji bakteriya su ruɓar da ita, su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda shi ne abincin bangon hanjin kansa. Ba sai na je kantin magani ba. Albasa da tafarnuwa suna da irin wannan faibar, mai suna inulin, wake da ayabar da ba ta gama nuna ba suna da sitaci mai wuyar narkewa. Na ƙara da miyar kuka, da kuɓewa, da kunun gero da ba a tace sosai ba. Komai dafaffe, da zafinsa. Kuma kaɗan-kaɗan na fara, don wake da albasa suna kumbura ciki, mai tashin zuciya kuwa ba ya son ƙari.

Rigimar da Gwaggo aka yi ta. Ta zo da ƙwaryar fura da nono tun daga ƙauye.

"Sha, 'yar nan, wannan ne ke maido da jini."

"Gwaggo, a yi haƙuri, likita ya hana nonon da ba a tafasa ba."

"To, likitan da me aka yaye shi?"

Yara suka shanye. Ɗanyen nono yana iya ɗaukar cututtuka irin su listeriya, wadda mai lafiya kan tsallake amma ta kayar da mai kemo. Haka na haƙura da zoɓon hanya da yankakkiyar kankana.

Na karanta cewa a 2013 masu bincike a Faransa sun gano saikilofosfamid ya rage tasiri a jikin ɓerayen da aka kashe wa bakteriyar hanji. Abin ya ƙara mini ƙwarin gwiwa, sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ban taɓa ɗaukar miyar kuka a madadin allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini ba. Abin da na gani a jikina shi ne bahaya ya daidaita, musamman da yake maganin hana amai yana ɗaure ciki.

Makon da zawo ya kama ni, sista ta sa na dakatar da wake da kuka, na koma farar shinkafa da ruwan gishiri da sukari har cikin ya lafa. Ta kuma ja mini kunne: zafin jiki ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, a taho asibiti, kada a tsaya shan farasitamol.