Girkin mako guda a rana ɗaya: ki dakata tukuna, 'yar nan

Ranar Asabar na leƙa gidan ɗiyar yayana a Kandara, nan Jidda, na same ta a kicin da goyo a baya, tukwane suna ta tafasa a kan gas. A kan tebur ta jera robobi masu murfi, kowace da takarda manne: Lahadi rana, Lahadi dare, haka har Alhamis. Ta ce, "Gwaggo, daga yau na huta da girkin kullum, a waya na ga yadda ake yi." Na buɗe ta Alhamis, shinkafa ce da miya da kaza, tururi yana tashi. Ban tanka ba saboda mijinta yana falo, amma gabana ya faɗi, don na san inda hanyar nan take kaiwa. Ni ma na bi ta, tun waya ba ta fara koya wa mutane girki ba.

Lokacin yarana suna firamare, ga jariri, ga ɗinkin da nake karɓa don in taimaka da kuɗin haya. Ga kuma baƙi, domin duk wanda ya zauna a Jidda ya san ɗan'uwan da ya zo Umara sai ya biyo ta gidanka, ko da zuwa ko da komawa. Hutun mako a wancan zamanin Alhamis da Juma'a ne, sai a 2013 aka mayar da shi Juma'a da Asabar, kuma maigida Juma'a kaɗai yake samu. Mace ba ta tuƙa mota sai da aka shiga 2018. Saboda haka cefanen gidana gaba ɗaya ya rataya ne a kan yammacin Juma'a, idan ya kai ni Halaƙa, kasuwar kayan gwari. Ina shiga sai idona ya rufe. Kwalin tumatir, kwalin tattasai, buhun albasa, damin ganye, mu biya mu ɗauki kwalin daskararrun kaji. In kwana a tsaye ina girki, in cika firij, in kwanta ina jin babu mace mai tattali kamata.

Kwana biyun farko lafiya lau. Daga rana ta uku shinkafa ta bushe, miya ta ɗauki warin firij, maigida ya ɗaga murfi ya mayar, ya ce shi ba ya cin kwantai. Ba faɗa yake yi ba, sai dai ya tsaya a hanya ya ci buhari, shinkafar nan ta gidajen abinci, kafin ya iso gida. Yara su jagwalgwala nasu su bari, anjima su zo neman kuɗin biskit. Ashe sau biyu muke biyan abinci ɗaya, na cikin firij da na waje. Wanda ya rage kuwa, Allah ya yafe mini, cikin dare nake ƙulle shi a leda in sauka da shi wurin shara don kada a gani. Ni da aka raina a gidan da ƙanzo ma ba a zubarwa.

Wani lokaci idan na tuna sai in ce to ya zan yi? A Kano gidanmu babban gida ne, yau girkin wannan, gobe na waccan, ga yarinyar da za a aika niƙa, ga maƙwabciya da za ta riƙe miki jariri. Nan kuwa daga ke sai bango huɗu da na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda bai taɓa tashi da asuba ya shirya yara, ya zauna kan keken ɗinki har azahar, sannan a ce ya tuƙa tuwo ba, to kada ya yi saurin zargina. Amma gaskiya ba gajiya ce kaɗai ba. Akwai son a yaba. Ina so matan unguwa su buɗe firij ɗina su ce wance ta iya riƙon gida. Ko da na ga abin ba ya tafiya, kunyar in fasa ta hana ni fasawa, na ci gaba da shi shekara da shekaru, littafin bashinmu a baƙala, shagon kayan masarufin unguwa, yana ta ƙara kauri.

Abin da ya tsayar da ni ciwo ne. Da zafin bazara na dafa babbar tukunyar dafa-duka bayan azahar, na bar ta ta huce har bayan isha'i, saboda an ce mini ba a sa abu mai zafi a firij. Na cusa tukunyar yadda take, ban rarraba ba. Washegari na ɗumama na ba yara. Kafin la'asar biyu suna amai, ƙaramin har sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Babbar tukunya kuwa ko a firij cikinta yana daɗewa bai yi sanyi ba. Kuɗin da muka kashe a daren nan ya cinye duk abin da nake taƙamar na tara. Har yau in yaron nan ya ce cikinsa yana ciwo, ga shi da gemunsa, sai na ji wani iri.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, amma da na tace su kaɗan ne suka rage.

Kada ki dafa abincin mako. Ki shirya abin da yake cin lokaci, ki bar abin da yake saurin dahuwa. Wahalar girkinmu tana wajen kayan miya da nama da wake. Ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ki soya, ki rarraba a ledoji gwargwadon girki ɗaya, ki shimfiɗe su a firiza. Ki tafasa nama ko kaza sau ɗaya, ki ajiye romon daban. Ki surfa wake ki wanke ki daskarar, ranar ƙosai ko alala sai markaɗe kawai. In akwai romo a hannu, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ba ta kai minti ashirin ba. In kukarki ta ƙare babu mai zuwa daga gida, shagon 'yan Sudan yana da garin kuɓewa da suke kira waika, mulukiyyar da ta cika kasuwa kuwa lalo ce. Shinkafa da tuwo a dafa su ranar da za a ci. Shinkafar da ba ta wuce rabin awa a wuta ba, don Allah me ya kai ki ajiye ta kwana biyar? Ku yaran yanzu kuna iya shafe awa biyu kuna kallon wata tana jera robobi a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, amma rabin awar tukunya ta zama abin kuka.

Dafaffen abinci a firij kwana uku ne, in ya yi yawa huɗu, shinkafa ma kada ta kai haka. Daga sauke tukunya zuwa shiga firij kada ya wuce awa biyu, a zafin Jidda ko Makka ki mayar da shi awa ɗaya. Ki zuba a faranti ko roba marar zurfi don ya yi saurin hucewa. Wannan ba na sassauta shi ga kowa.

Kada ki sayi kwali don kawai yana da araha. Arahar da rabinta zai ruɓe tsada ce, kuma danshin garin nan ba ya barin buhun albasa ko dankali ya yi tsawon rai. Ganye kuwa na kwana biyu kawai za ki ɗauka. Sai dai kuma tumatir da kaji, su kam ki sayi kwalin, in dai a ranar za ki gyara su, ko ku raba ke da maƙwabciya. Na san yanzu na ce kada a saya. Ki duba girman firizarki da ƙarfin bayanki, ki zaɓa.

Batun odar abinci ta waya shi ne yake fi ɓata mini rai. Mutum yana kukan albashi ba ya isa, amma kullum mai kawo saƙo yana ƙwanƙwasa masa ƙofa da soyayyiyar kaza. Ba na musun zamaninku ya fi namu tsanani. Harajin saye da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a 2020. Kuɗin da baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, yake biya a kan kowane mutum na iyalinsa ya tashi daga riyal 100 a wata a 2017 zuwa 400 a 2020. Mai mata da yara uku riyal 1,600 ke nan duk wata, tun bai sayi ko gishiri ba. To wanda ke ɗauke da wannan kaya shi ne zai riƙa oda? Duk da haka ki ware dare ɗaya a mako da ba za ki kunna wuta ba. A sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, ko a soya ƙwai a sha shayi. Da na ba kaina wannan daren, da ban kai ga waccan tukunyar ba.

Ku kuma samarin mazan, kafin ta ɓata Asabar ɗinta ku faɗa mata abin da za ku ci da wanda ba za ku ci ba, ku daina ɗaga murfi kuna mayarwa. Yanka albasa da riƙe jariri ba su taɓa rage wa namiji daraja ba. Ranar da albashi ya shigo ku zauna tare ku raba kuɗin cefane gida huɗu, kowane mako da nasa, ku je baƙala ku biya tsohon bashi ku ce a rufe shafinku. In na mako ya ƙare ranar Laraba kada a taɓa na gaba, a dafa shinkafa da wake da mai da yaji a ci har Juma'a ta zo.