Kujera ta biyu

A ɗakin da nake ganin marasa lafiya, a wani ƙaramin asibiti da ke cikin garin Jos, kujeru biyu ne a gaban teburina: ɗaya ta marar lafiya, ta biyu ta wanda ya rako ta. Na daɗe ina aikin jinya da ungozoma kafin in lura cewa abin da ya fi hana mace warkewa yana tattare da kujera ta biyun nan: ko dai babu kowa a kanta, ko kuma wanda ya zauna ba shi ne ya kamata ya zauna ba.

Matan da ke zuwa daga Gangare, Dilimi, Rikkos da Unguwar Rogo kusan duk da magana ɗaya suke buɗe baki: "Sista, sanyi ke damuna." Sai da na kama aiki sosai na gane cewa sanyi buhu ne da ake zuba cututtuka iri-iri a cikinsa. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wanda galibi wata ƙwaya ce da ke zaune a jikin mace tun asali ta yi yawa, musamman ga mai juna biyu, ko mai ciwon suga, ko wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Akwai ciwon mafitsara. Akwai kuma gonoriya da kilamidiya da tunjere, waɗanda ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu, duk da cewa mata sun fi son a ce musu a banɗaki suka kwaso. A farko ina jin haushin wannan magana ta banɗaki, ina ganin jahilci ne. Daga baya na fahimci cewa mace mai zaman gidan haya, wadda ke haɗa makewayi da gidaje shida, ta samo bayanin da ba zai taɓa aurenta ba ne, kuma ba aikina ba ne in kwance mata zani a kasuwa.

Wata mata ta zo mini sau uku a cikin 'yan watanni da ciwon mara da ruwa mai wari. Duk zuwa sai a ba ta magani ta samu sauƙi, ta koma gida, ciwon ya dawo. Har na fara zarginta da rashin shanye maganin, sai wata babbar ma'aikaciya da ta girme ni a aiki ta duba katin ta ce, "To maigidan fa, wa ya duba shi?" Babu wanda ya duba shi, kuma matansa biyu. Muna wanke mata ciwo a asibiti, ranar girkinta na zagayowa sai ta sake ɗauka. Kilamidiya takan zauna a jikin namiji ko mace ba tare da wata alama ba, kuma idan aka bar ta, ita da gonoriya, sukan haura su toshe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, abin da ke jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. Saboda haka dole a yi wa miji magani, a yi wa abokiyar zama, sannan duk su ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan magani.

Kawo miji asibiti shi ne babban aikin. Na daina aika mace da saƙon baki, domin kalmar "an ce kai ma ka zo" ta isa ta tayar da rigima a gida. Yanzu 'yar takarda nake rubutawa cewa ana son ganinsa game da lafiyar iyalinsa, in sa masa lokacin yamma bayan an tashi kasuwa, in haɗa shi da ma'aikaci namiji. Tambayar da ba ma yi ko kaɗan ita ce wa ya kawo cutar gidan, don ba a cika sanin amsarta ba, kuma ba ta warkar da kowa.

Haka lamarin yake a neman haihuwa. Mace za ta yi shekaru tana shan jiƙo da sassaƙe, dangin miji na yi mata gori, alhali a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba akwai matsala ta ɓangaren namiji. Gwajin maniyyi ya fi kusan duk gwaje-gwajen mace sauƙi da araha, amma sai mutum ya ce, "Ni lafiyata ƙalau," domin ya ɗauka ƙarfin kwanciya da ƙwayar haihuwa abu ɗaya ne.

Kuskuren da har yau nake jin nauyinsa kuwa a kan wata budurwa na yi shi. Ta zo karɓar sakamakon gwajin aure tare da gwaggonta, saura mako uku biki, an riga an kai lefe. Na buɗe takardunta da na saurayin, na ga duk AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa ba tare da yana ciwon ba, sai kawai na fara bayani a gaban gwaggon, ina ganin ai uwa ce. Kafin yarinyar ta isa gida labari ya riga ta, kuma ya isa a karkace, wai an gano tana da mugun jini. Ba a ba ta damar yin kukanta ita kaɗai ba, balle ta yi shawara da wanda za ta aura. Bayanin da na yi daidai ne: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na haifar mai sikila, kuma lissafin sabo yake a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya ne a cikin huɗu ba kamar yadda mutane ke ɗauka. Wurin da na faɗe shi ne bai dace ba. Tun daga ranar, ko wace ce ta rako, sai in ce, "Gwaggo, don Allah a ɗan ba mu wuri, zan auna ta." Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma a nan Jos ma iyaye da limamai da yawa suna neman takarda kafin ɗaurin aure. Abin da nake roƙon iyaye shi ne a yi gwajin kafin a sa rana, tun ba a kashe kuɗi ba, tun zukata ba su yi nisa ba.

Akwai ranar da kujerar ta samu mai ita. Wata mai juna biyu da gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ta roƙe ni in kasance a wurin idan za ta faɗa wa mijinta. Ya zo, aka gwada shi, ba ya ɗauke da ita. Ya yi shiru mai tsawo yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Malama, yaron da ke cikinta fa?" Na gaya masa cewa idan tana shan maganinta kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba za ta sa masa ta hanyar saduwa ba, haɗarin da ke kan jaririn ma zai ragu ƙwarai, kuma za a ba jaririn nasa maganin da zarar an haife shi. Na ce ya dawo bayan wata 3 a sake gwada shi, domin sabon kamu ba ya nunawa nan take. Ya dawo a ranar da aka sa masa, da katin awon matar a aljihun gaban rigarsa.