Kwanon Malam

Mijina ya rasu ana tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, kuma a kwanakin farko ban ko leƙa madafi ba. Maƙwabtanmu na Zariya ne suka ɗauke mana girki, wannan ta aiko da kunu da safe, waccan ta aiko da dambu da rana. Na sha jin malamai suna cewa lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su ya auka musu, amma ban gane zurfin wannan umarni ba sai da na zama ni ce ake aiko wa da kwano.

Bayan addu'ar bakwai masu zaman makoki suka watse, gida ya yi tsit, aka bar ni da yara da takabar wata 4 da kwana 10. Ranar da na fara hura wuta tuwon dawa na yi da miyar kuka, abincin da Malam ya fi so. Na yi talge, na tuƙa, na kwashe, sai kawai na ga malmala biyu a cikin kwanonsa, na riga na rufe, har na ɗiga man shanu a kan miyarsa kamar yadda na saba. Hannuna ya auni garin mutum shida alhali mu biyar muka rage. A kan turmi na zauna na yi kukan da ban yi irinsa ba ko a ranar da aka fita da shi.

Mahaifiyarsa, wadda ta zo ta zauna tare da mu, ta bar ni sai da na yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, kada ki rage awo. Ki bar hannunki da abin da ya saba, ki nemo wa kwanon nan mai ci, ladan ya iske shi." Na ce, "To, Inna." A daren nan wani almajiri da ya yi sallama a zaure shi ya cinye tuwon, ya wanke kwanon, ya yi wa mamacin addu'a.

Daga nan kwanon Malam bai sake kwana da abinci ba. Wata rana na almajiri ne, wata rana na wata tsohuwa ce da ke bayan gidanmu wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Tun da ni ba na fita, yara ne ke kaiwa, kuma kwanon ba ya dawowa haka nan: ko gyaɗa, ko ɗan ƙullin daddawa, ko saƙon gaisuwa. Ta wannan hanya mutane suka ci gaba da shigo mini gida a lokacin da na fi son in rufe ƙofa.

Shi kansa girkin ya yi mini abin da nasiha ba ta yi ba. Tuwo ba ya yarda da mai tunani, domin idan hankali ya tafi wani wuri sai ya yi gudaji ko ya kama, saboda haka muddin muciya tana hannuna dole zuciyata ta dawo kan tukunya. Da Juma'a na koma yin wainar sadaka, wadda ke buƙatar a jiƙa shinkafa tun Alhamis, a kai markaɗe, a bar ƙullin ya kwana ya tashi. Wannan ya sa na riƙa kwanciya da sanin cewa akwai aikin da ke jirana da asuba, ni da a baya nake tsoron wayewar gari. Ban ce kukan ya ƙare ba, domin sau da yawa hawaye na zuba ina juya waina a tanda, amma ina kuka ne ina aiki.

Wata malamar Islamiyya da ta zo gaisuwa ta gaya mini cewa Nana A'isha takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wato kunun garin sha'ir, saboda hadisin da ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana kuma rage wani ɓangare na baƙin ciki. Kalmar "wani ɓangare" ta kwantar mini da hankali, domin ba a yi mini alkawarin mantuwa ba, ni ma ban nema ba.

Yanzu idan aka yi rasuwa a unguwa ba na gaggawar kai abinci a kwana ukun farko, lokacin da kwanuka ke cika tsakar gida. Nakan jira sai mako na biyu, bayan baƙi sun tafi, in dama kunun gyaɗa mai zafi in kai da kaina, kuma ba na tashi sai na ga matar gidan ta sha ko da ludayi biyu ne.